Ranar da Na Cire Lafayar da Kika Ba Ni

Zuwa ga Yayata Amna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, ina gaida Hajja mahaifiyarki, ina gaida yaranki biyu. Ina fatan wannan saƙo ya same ku da rai da lafiya a duk inda Allah Ya ajiye ku. Baba da Inna suna gaishe ki, haka ma 'yata Safiya wadda ba ki taɓa gani ba sai a hoto.

Ni ce Rabi, abokiyar aikinki ta ɗakin magani. Ina rubuto miki daga ƙauyenmu da ke gefen Bici a ƙasar Kano. Lambarki ta daina shiga tun tuni, kuma duk wanda na tambaya a ƙungiyar agajin da muka yi wa aiki sai ya ce shi ma ba shi da labarinki. Shi ya sa na ajiye wannan a inda kowa zai iya karantawa. Hausawan Sudan suna da yawa, yaƙi kuma ya watsa su ko'ina. Wataƙila wani ya gane ki, ya karanta miki.

Kin san abin da ya kai ni ƙasarku, don ban ɓoye miki ba. Maigidana ya rasu, na gama takaba, na koma aikina a asibiti a Kano, amma gidan ya ƙi zaunuwa. Kullum na dawo sai na tarar da takalmansa a bakin ƙofa, na kasa ɗauke su na kasa kallonsu. Da na ji wata ƙungiyar likitoci tana neman masu harhaɗa magunguna da za su je aikin sa-kai a Sudan, sai na miƙa sunana. Mutane sun ɗauka tausayi ne ya kai ni. Akwai tausayin, amma gudun gidan nan ya fi yawa.

Inna ta ƙi da farko. Ta ce mace mai 'ya ƙarama ba ta tsallaka ƙasa don jinyar mutanen da ba ta sani ba. Baba ne ya sa baki. Ya ce wannan hanya kakanninmu sun bi ta da ƙafa zuwa Makka, kuma duk inda suka yada zango akwai namu. Aka bar Safiya a hannun Inna, na tafi.

Ranar da na fara shiga ɗakin maganin na same ki kina jera kwalaye a kan kanta. Shugabar tawagarmu, Baturiyar nan mai furfura, ta gabatar da mu, muka gaisa da Turanci kamar baƙi biyu a tasha. Can sai wani kwali ya suɓuce mini ya faɗo a kan ƙafata, na ce wash. Kika juyo kika dube ni da kyau, kika ce, "Ke 'yar wane gari ce?" Na tsaya riƙe da ƙafa ina kallonki. Ban san zan ji Hausa a garin nan ba, balle daga bakin mai farar riga irin tawa.

Hausarki irin ta tsofaffinmu ce, sai dai ta sha Larabci. Ke kuma kina yi mini dariya wai tawa ta sha Turanci har ta ƙoshi. Kika ba ni labarin kakan mahaifinki, wanda ya taso daga ƙasar Kano da niyyar aikin Hajji, guzuri ya ƙare masa a hanya, ya tsaya noman auduga don ya tara na ci gaba, ya yi aure, ya haihu. Makka ba a je ba, gida ba a koma ba.

Asibitinmu ƙarami ne a bakin gari, amma ba ya rabuwa da mutane. Yara masu ƙyanda, yara da yunwa ta kumbura wa ƙafa, mata masu ciki da jini ya yi musu kaɗan. Da damina ta kama amai da gudawa suka shigo, muka wuni muna miƙa ledar ƙarin ruwa ta taga har hannu ya gaji. Yawancin matan ba sa karatu, sai mu zana musu rana da wata a jikin ambulan ɗin magani, su san na safe da na dare. Kin ce ranar da nake zanawa ta fi kama da ƙosai.

A takarda ni ce shugabar ɗakin maganin, don ni ce na zo daga waje. Kin girme ni, kin riga ni gama jami'a, kin riga ni fara aiki. Idan an tashi, mota ta kwashe mu mu baƙi zuwa gida mai katanga da injin wuta da ruwan famfo, ke kuma ki tsaya a bakin titi kina jiran bas. Ba ki taɓa nuna mini abin ya dame ki ba. Ni ma ban taɓa tambayarki ba, don na fi son kada na ji amsar.

Juma'ar farko da kika kai ni gidanku na tafi da ƙullin daddawa da kuka da Inna ta cusa mini a jaka. Hajja ta kwance ƙullin, ta shinshina. Sai ta ce warin ɗakin kakarta ke nan. Ta sa aka tuƙa tuwo a maimakon kisira, gurasar dawar nan taku, da aka riga aka gasa, ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno tana ba da umarnin miya kamar sarauniya. Daga ranar nan Juma'a ta zama ta gidanku. Yaranki suna kirana Khalti Rabi, wato ƙanwar uwarsu da Larabci, suna hawa bayana ina salla.

Hajja tana da ciwon sukari, allurarta kuma ba ta son zafi. Wuta ba ta zama a unguwarku, shi ya sa kike ajiye kwalabenta a firij ɗin ɗakin maganinmu, a kusurwar ƙasa, da sunanta a jiki. Kowane mako ki ɗauki ɗaya ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ki kai gida. Ni nakan tuna miki idan kin manta. Hajja tana cewa tana da 'ya'ya biyu masu gadin ranta.

Da Salla ta zo kika saya mini lafaya, shuɗiya mai ɗigon fari, kika tsaya kina koya mini naɗa ta har na daina tuntuɓe. Hajja ta dube ni ta ce, "Ana cewa baƙo raɓa ne, amma ke ba baƙuwa ba ce. Ke ce wadda ta biyo sawu." Ni kuma na buɗe baki na ce ni 'yar gida ce, ni da ke uwa ɗaya uba ɗaya, abin da ya same ku ya same ni. Ba wanda ya roƙe ni na faɗi haka. Ni na faɗa, kuma na maimaita shi ba sau ɗaya ba. Daga nan da lafayar nake zuwa aiki. Marasa lafiya suka daina gane ni baƙuwa ce, abin yana yi mini daɗi.

Yaya Amna, ga abin da na zo faɗa miki.

Da yaƙin ya ɓarke a babban birni, mun ɗauka ba zai iso mu ba. Muna jin labari a rediyo, muna ci gaba da aiki. Sai masu rauni suka fara zuwa a bayan motocin kaya. Sai man fetur ya ɓace. Sai wata safiya shugabar tawaga ta tara mu a gindin darbejiyar tsakar asibiti, ta ce umarni ya zo daga sama: ma'aikatan da suka zo daga waje za su fita yanzu-yanzu ta hanyar mota zuwa iyaka, kowa da ƙaramar jaka ɗaya. Ma'aikata 'yan ƙasa kuma an sallame su, kowa ya koma wurin iyalinsa. Ban ga laifinta ba, ita ma umarni aka ba ta.

Na juya na dube ki. Ina jiran ki ce wani abu, ko ki yi fushi, ko ki tuna mini maganata. Kika ce, "Tashi, ba lokaci." Ke kika haɗa mini jakar. Ke kika tuna da fasfona da ke cikin aljihun tebur. Na miƙa miki mukullan sito, kika karɓa kamar yadda kike karɓa kullum idan zan je salla. Kika ɗauki jakata har bakin mota, kika sa mini ita a cinya, kika rufe ƙofar da hannunki. Kika ce, "Ki gaida Safiya. Ki ce mata tana da yayye a nan."

Ban ce zan tsaya ba. Ko da wasa ban faɗa ba, balle a hana ni. Da motar ta tashi na waiwaya na gan ki kin riga kin juya, kin nufi ɗakin magani, akwai mata a layi suna jira. Abin da na fara ji a ƙirjina a lokacin ba baƙin ciki ba ne. Daɗi na ji. Wani sanyi ya sauko mini tun daga wuya har ƙafa, na ce a raina na tsira. Baƙin cikin sai daga baya ya zo, kuma ya tarar da daɗin nan ya riga shi zama.

Mun yi nisa da gari sai direba ya ce akwai shingen masu bindiga a gaba, kuma suna sauke 'yan ƙasa daga motoci. Shugabar ta waiwayo ta dube ni, ni kaɗai ce baƙar mace a motar, sanye da lafaya. Ta fara cewa ko zan cire, na sa rigar ƙungiya. Kafin ta ƙarasa maganar na riga na warware ta. Lafayar da na yi makonni ina koyon naɗawa, cikin ƙiftawar ido na cire ta, na dunƙule, na tura ƙarƙashin kujera da ƙafata.

A shingen wani saurayi mai bindiga ya leƙo ta taga, ya tsallake Turawan ya tsaya a kaina. Ya tambaye ni da Larabci daga ina nake. Na ji shi sarai, ke kika koya mini. Na yi kamar ban ji ba. Na ɗaga koren fasfona har yana taɓa hancinsa, na ce masa da Turanci ni ba 'yar nan ba ce. Na faɗa na sake faɗa, da ƙarfi, har likitan da ke kusa da ni ya dafa hannuna.

A gefen hanya an zaunar da mutane a rana, waɗanda aka sauke daga wata bas. Cikinsu akwai mace da yaro a cinya yana kuka. Na ji ta ce masa, "Yi shiru, yi shiru, yanzu za mu tafi." Da Hausa ta faɗa, Yaya. Ta ɗago ido muka haɗa ido. Na kawar da kaina na dubi ɗaya tagar, inda babu komai sai fili. Aka ɗaga mana hannu muka wuce. Ban san abin da aka yi da su ba.

Lafayar a motar na bar ta. Sai da muka tsallaka iyaka muka shiga wata motar na tuna, kuma ban koma na ɗauko ba.

Na iso gida a shekarar da komai ya yi wuya. Mai ya yi tsada har motar Bici ta rage zuwa, taki ya gagari talaka, kwanon gero ya kai inda tsofaffi suka ce ba su taɓa ji ba. Kin san na ba ki labarin ƙasarmu, gona na jikin gona, babu dajin da mutum zai shiga ya sare sabuwa. Abin da ka gada shi ne naka, kuma an raba shi tsakanin 'yan'uwa har ya zama kamar tabarma. Gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya, sauran a cika ciki da kwaɗon zogale da rama. A cikin wannan hali Inna ta auni gero ta yi gumba, ta soya waina, ta raba sadakar dawowata.

Mutane suka yi ta zuwa barka da arziki. Mata su cika tsakar gida, maza su tsaya a zaure wurin Baba. Kowa Likita yake kirana, na gaji da cewa ni mai harhaɗa magani ce. Suna so su ji labarin yaƙi. Nakan ce an sha wuya, Allah Ya kiyaye, sai na yi shiru. Shirun nan suka ɗauka kawaici ne, suka cika shi da abin da suke so.

Baba ba mutum ne mai ƙarya ba. Malami ne, a zaurensa rabin garin nan suka sauke Alƙur'ani. Amma uba ne, kuma abin da ya tsinta daga bakina ya haɗa da abin da ya ji a rediyo. Sai na jiyo shi ta katanga yana gaya wa abokansa cewa 'yarsa ta tsaya cikin harsashi tana ba da magani har sai da aka fitar da ita da ƙarfi. Muryarsa cike da alfahari. Tun rasuwar maigidana ban ji ya yi maganata da wannan murya ba. Na tsaya da tsintsiya a hannu, na kasa shiga na gyara masa.

Ana cikin haka saƙonki na murya ya shigo, shi ne na ƙarshe. Na saurare shi har na haddace. Kika ce, "Rabi, kin isa lafiya? Alhamdu lillahi. Mun kwashe maganin mun raba gida-gida kafin a fasa siton, duk mai ciwo ya san ƙofar da zai buga. Injin wutar asibiti ya tsaya, allurar Hajja tana cikin tulu na binne a jiƙaƙƙen yashi. Tana gaishe ki, ta ce kin bar sauran kukarki, za ta ajiye miki." A bayan muryarki ina jin ƙara kamar ana buga ganguna a nesa. Ba ki ambaci ƙarar ba.

Na amsa miki da dogon saƙo. Bai shiga ba. Har yau yana nan da alamar bai isa ba.

Kowa a garin nan zai iya yi wa Hajja fatan alheri da zuciya ɗaya, ban da ni. Ni na san kwalabe nawa suka rage a kusurwar firij ɗin nan ranar da na tafi, ni na san iyakar abin da tulu da yashi za su iya yi, na kuma san abin da ke biyowa idan allurar ta ƙare. Ilmin da na yi shekaru ina nema shi ne yake hana ni yaudarar kaina. Idan na ce Allah Ya ba Hajja lafiya, sai na ji wani abu a raina yana cewa kin dai sani.

Wata makarantar 'yan mata a Bici ta gayyace ni na yi wa ɗalibai magana. Na je. Shugabar makarantar ta gabatar da ni a matsayin jarumar da ba ta gudu ba. Yara suka tafa. Na miƙe na yi musu magana a kan muhimmancin karatun kimiyya, na ce su guji maganin da ake tallarsa a faranti a kasuwa. Ban ce na gudu ba, ban ce ban gudu ba. Wata yarinya ta biyo ni har bakin ƙofa ta ce tana so ta zama irina. Na ce Allah Ya sa ta fi ni. Ta ɗauka addu'a ce irin ta manya.

Waɗanda na ɗan buɗe wa cikina duk abu ɗaya suke faɗa. Ai umarni aka ba ku. Ai da kin tsaya ba abin da za ki ƙara. Ai kina da 'ya marainiya. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma ke ma kina da 'ya'ya. Bambancina da ke ɗan littafin nan ne mai koren bango, wanda ke da kanki kika ciro mini daga aljihun tebur.

Ba tafiyar ce ta fi ci mini rai ba, Yaya. Da na zo ƙasarku na yi aikina a matsayin baƙuwa, na tafi a matsayin baƙuwa, da sauƙi. Amma na zauna a tabarmar Hajja, na ci tuwonta, na ce abin da ya same ku ya same ni. Na ɗauki zumuncinku na yafa lokacin da yake da daɗin yafawa. Ranar da ya zama abin da zai iya sa a sauke ni daga mota, ban ko yi shawara da zuciyata ba.

Da damina ta yi nisa, ana noman maimai, Inna ta aike ni na kai wa Baba fura a gona. Bana ba shi da kuɗin 'yan ƙwadago, shi da ƙanena suke yi da hannunsu, da tsufansa. Na same shi a gindin ɗorawa yana hutawa, gero ya kai ƙugu. Na ajiye ƙwaryar, na durƙusa, na ce Baba, labarin da kake ba mutane ba haka yake ba. Na gaya masa duka. Na gaya masa ke, da Hajja, da mukullai, da lafaya, da matar nan ta gefen hanya.

Bai katse ni ba. Da na gama ya dubi gonar, furar tana gabansa bai taɓa ba. Sannan ya ce, "Da kin tsaya, da yanzu ni ne nake zaman makoki. Na gode wa Allah da Ya dawo mini da ke, ba zan ɓoye ba. Amma ba zan ce miki ba komai ba. Da komai." Ya tambaye ni cikakken sunanki da na mahaifiyarki, ya maimaita su a hankali kamar mai bitar hadda. Ya sha furarsa, ya ɗauki fartanya ya koma kan kunyar da yake nomewa.

Wannan "da komai" ɗin ita ce magana ta farko da ta sanyaya mini rai tun da na dawo. Kowa yana ƙoƙarin ya sauke mini kayan, shi kaɗai ya yarda akwai kaya a kaina.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ƙanena ya zo ya ba ni labari. Baba ya tsayar da mutane a ƙofar masallaci, ya ce yana da gyara. Ya ce ya gaya musu 'yarsa ta tsaya a cikin yaƙi, to ba haka ba ne, 'yarsa an fito da ita tun da wuri. Wadda ta tsaya wata baiwar Allah ce mai suna Amna, jikar mutanen ƙasar nan, ita ta raba magani gida-gida bayan kowa ya tafi. Ya roƙi jama'a a yi miki Fatiha. Dattijon da ba a taɓa jin ya janye magana ba ya janye ta a gaban sa'o'insa. Wasu sun ji daɗin abin, don ba a rasa masu jiran irin wannan rana. Bai kula su ba.

Tun daga nan an rage kirana jaruma. Wata maƙwabciyarmu ta ce ashe dai gudowa aka yi, ta tabbatar na ji. Na ji, kuma ban mutu ba. Yanzu ina zuwa ɗakin shan magani na garinmu kwana biyu a mako, ina taimaka wa ma'aikacin da ke wurin. Kantar kusan babu komai a kai. Yawancin aikina shi ne tsofaffi su kawo mini ƙwayoyin da suka saya a kasuwa a ƙulle a leda, na ware musu wanda za su sha da wanda za su zubar. Ba na cewa wannan ya biya wani abu. Aiki ne dai, kuma yana gabana.

Safiya ta san sunanki da na yaranki. Rannan ta tambaye ni me ya sa ban taho da su ba tunda mota ce. Na ce mata ba a ba ni dama ba. Ta ce, "Kin tambaya?" Na ce mata a'a. Ta ci gaba da wasanta, ni kuma na shiga ɗaki.

Kaka ta yi, an yi girbi. Geron bai yi yawa ba, don gonar ba ta ga taki ba, amma an gode Allah. A gidanmu idan an ɗaure dammuna Baba yakan fitar da zakka, sannan ya ware wa kowace 'yarsa da ke gidan aure dami guda, a aika mata. Bana da ya gama ware na yayyena mata, sai ya sa aka jawo wani dami, ya ɗaura masa jan ƙyalle, ya ce a sa shi can ƙuryar rumbu. Inna ta ce na wane ne, ai 'ya'yan sun ƙare. Ya ce, "Na Amna ne. Rabi ta ce uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ita ta kasa riƙe maganar, ni ba zan kasa ba."

Inna ta tuna masa shekarar da ake ciki, da bakunan da ke gidan, ta ce gero ba ya jiran wanda ba a san ranar zuwansa ba, ƙwari za su cinye. Ya ce idan wata kakar ta zo ba ki zo ba, za a fitar da shi sadaka da sunanki, a sa sabo a gurbinsa, haka za a yi ta yi muddin yana raye. Inna ta yi 'yan ƙunƙuninta. Washegari na gan ta da kanta tana barbaɗa toka a kan damin don kada ƙwari su taɓa shi.

To, Yayata, abin da ke nan ke nan. Ban rubuto don ki ce kin yafe ba. Na san ki, za ki ce me aka yi, ki kawo wata maganar. Na rubuto don ki san abin da ya faru bayan kin rufe ƙofar motar nan, kada ki ci gaba da riƙe ni a matsayin da ban kai ba. Idan bayan kin ji duk wannan har yanzu kina so ki kira ni ƙanwa, zan amsa, kuma wannan karon na san nauyin abin da nake amsawa.

Ya Allah, Kai ne Ka san inda Amna take. Idan tana tafiya Ka sassauta mata rana, idan tana ɓoye Ka rufe idon masu nemanta, idan tana baƙuwar ƙasa Ka haɗa ta da waɗanda suka fi ni riƙon amana. Ka raya mata yaranta. Hajja kuma, idan tana raye Ka ba ta lafiya ta inda ilmina bai kai ba, idan ta riga mu Ka sa Aljanna ce makomarta. Matar nan ta gefen hanya da ɗanta, waɗanda ban san sunansu ba, Kai Ka sani, Ka kai su gida. Ka kashe wutar nan a ƙasarsu, Ka sauƙaƙa mana tamu wahalar. Amin.

Idan kin samu hanya, ki zo. Daga Kano ki hau motar Bici, ki ce a sauke ki a gidan Malam mahaifin Rabi mai magani. Ba sai kin yi sallama irin ta baƙi ba. Geronki yana rumbu.

Taki ƙanwa, idan kin yarda,
Rabi